Wanda Ba a Ƙirga Ba, Ba a Yi Masa Rabo

Gwaggona ta rasu da katin asibiti uku a cikin jakarta. Na farko na wani ƙaramin asibiti ne kusa da mu a ƙasar Kunci, inda aka ce ƙurji ne ya fito mata a nono, aka ba ta ƙwayoyi. Na biyu na babban asibitin da aka kai ta bayan kaka, da aka sayar da gyaɗa aka sami kuɗin mota. Na uku na birni ne, inda aka yanki 'yar tsoka domin gwaji, aka ce ta dawo bayan mako uku. Ba ta koma ba. Babu katin da ya san da zaman ɗan'uwansa, don haka kowane likita daga farko ya soma tambayarta. Mu mun san cutar daji ce ta yi ajalinta. Amma sakamakon gwajin bai taɓa iso mu ba, kuma babu wanda ya koma ya rubuta cewa ta mutu.

A daidai wannan lokaci, manyan cibiyoyin binciken cutar daji a Turai da Amurka da Asiya sun duƙufa wajen ganin kwamfutocinsu sun ji maganar juna. Abin nufi shi ne, bayanin da aka rubuta a Landan, na'urar Tokiyo ta karanta shi ba tare da tafinta ba. Ɗan kasuwar hatsi ya san wannan matsala. Idan tiyar ƙauye ta sha bamban da ta Dawanau, babu ciniki sai an daidaita ma'auni. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba kowane nau'in cutar daji lambarsa, kuma cibiyarta ta binciken cutar da ke Liyon a Faransa ta samar da manhajar CanReg5 kyauta domin rajistar masu fama da ita. Aiki ne mai kyau. Ƙorafina shi ne, ana ta goge ma'auni alhali hatsinmu bai ma iso kasuwa ba.

Cibiyar ta Liyon ta ƙiyasta cewa a 2022 kimanin mutum 128,000 ne suka kamu da cutar daji a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka mutu. Ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba. An ɗauki abin da rajistocin birane kaɗan, irin su Ibadan da Abuja da Kalaba, suka tattara, aka auna sauran ƙasa da shi. Rajistar Ibadan tun 1960 take aiki, tsarin rajista na ƙasa kuwa sai a 2009 aka kafa shi. Akwai rajista a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma kowace rajistar asibiti wanda ya iso ƙofa take gani. Wanda kuɗin mota ya gagare shi, da wanda aka ce masa daji ba ya son allura ya koma gun mai magani, ba sa cikin lissafi.

Wannan giɓi yana da illa, domin cutar daji ba fuska ɗaya gare ta ba. Yaron da ke wanka a kududdufi ko a bakin madatsar ruwa yana iya ɗaukar tsargiya, wadda kan rikiɗe ta zama dajin mafitsara bayan shekaru. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da gubar aflatoksin, wadda idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B sai ta ninka haɗarin dajin hanta. Dajin nono kuma yakan kama matan Afirka ta Yamma da ƙuruciya, da zafi, fiye da yadda aka saba gani a Turai. Duk da haka, babban kundin ƙwayoyin gadon cutar daji da Amurka ta soma tattarawa a 2006, akasarin samfuransa na fararen fata ne. An ɗinka riga da awon wani, an ce mu saka.

Wani zai ce: mutanen da ba su da na'urar gashi, ina su ina zancen kwamfuta? A kawo magani tukuna. Amsata ita ce shan-inna. Shekaru da dama, idan ƙafar yaro ta shanye a rugar da mota ba ta zuwa, jami'in sa ido yakan je har can, ya ɗebi bahayarsa a akwatin sanyi, a kai ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri, labari ya isa Janeba. Takarda iri ɗaya ake cikewa, lamba ɗaya ce ke bin yaron. Da wannan ƙirge aka san unguwar da za a kai rigakafi, har a watan Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ashe bayanai ne suka yi wa magani jagora. An iya domin shan-inna tana tsallaka iyaka, tana tsoratar da masu kuɗi. Dajin gwaggona bai tsoratar da kowa ba sai mu.

Wani kuma zai ce: kada a sake miƙa wa baƙi sirrin jikinmu. Wannan magana tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara 200, goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Haka nan ƙwayoyin halittar da aka ɗeba daga wani yaro mai cutar daji a Ibadan a 1963, har yau ana renon su a ɗakunan bincike na duniya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma gudu bai tsare mu ba. Rufe ƙofa yana nufin a ci gaba da haɗa magani ba da mu ba. Mafita ita ce a buɗe ƙofa da sharaɗi, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mu inda za mu tsaya.

Saboda haka kirana ga Cibiyar Bincike da Maganin Cutar Daji ta Ƙasa, da ma'aikatar lafiya ta Jihar Kano, bai wuce huɗu ba. A ba kowane majinyaci lamba ɗaya da za ta bi shi daga ƙauye har birni. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa shigar da duk kumburin da suke tuhuma ta wayar hannu, da lambobin da duniya ta yarda da su. Kada bayani ya bar ƙasar nan sai da yardar mai shi, wadda aka nema da Hausa, an kuma cire sunansa, da masananmu a cikin binciken. Na ƙarshe, hanyar da ta fitar da bayani ita za ta dawo da sakamako har wurin ma'aikacin da ya fara ganin mara lafiya.

Katunan nan uku suna nan a akwatin mahaifiyata. 'Ya'yan gwaggona mata biyu sun girma, kuma likitoci sun ce irin wannan cuta takan bi jini. Ranar da ɗayarsu za ta je asibiti, ya kamata likita ya tarar da labarin uwarta yana jiransa.