Amurkawa sun rubuta dokar wasansu, mu mun kori langa daga lakwal

Akwai wani wasa da ke yawo cikin wayoyin samari, sunansa SlamBall. Ƙwallon kwando ne aka gauraya da bangaza irin ta ƙwallon Amurka, sannan aka dasa tarambolin guda huɗu a gaban kowane kwando, wato shimfiɗar nan mai sifirin da ke cilla mutum sama in ya dira kanta. Ƙato zai taka, ya tashi ya wuce tsayin kwando, wani ƙaton ya tare shi a sama su gwabza. Iyaye na kallo suna salati, malamai na cewa Bature ya iya ƙirƙira. Su ne kuma in sun ga yara sun ɗaga ƙafa za su yi langa a harabar lakwal sai su ɗauko bulala.

To bari mu ga abin da Baturen ya yi. Wani saurayi, Mason Gordon, shi ya ƙago wasan a Los Anjalis wajen shekarar 1999, aka fara gwada shi cikin wani sito. A 2002 ya shiga talabijin, ya yi shekara biyu ya lafa, ya ɗan sake ɓullowa a 2008, sannan a 2023 aka farfaɗo da shi a Las Begas da ƙungiya takwas, tashar ESPN na nunawa. Wasan bai kai shekara talatin ba, ba shi da kaka ba shi da kakanni. Takardar doka ce ta tsayar da shi da ƙafarsa. Mutum huɗu huɗu ne a fili. Wanda ya tashi sama ya dunƙula ƙwallo cikin kwando da hannu ya ci maki uku. An yarda ka bangaje abokin hamayya, amma an faɗi inda za ka yi da inda ba za ka yi ba. Kuma in ka yi wa mutum ƙeta, hukuncin shi ne a kau da kowa, a bar ku ku biyu, shi ya taho da ƙwallo kai ka tsare kwando. An kewaye filin da bango, an sa wa ƴan wasa kariya a kai da gwiwa. Haɗari na nan, an dai yi masa linzami.

Mu kuwa namu wasan tsalle da bangaza ya girmi lakwal ɗin kanta. Yaro ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu, ya yi ta ɗingishi da ɗayar, ya ture abokin karawa. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya fita. Akwai wanda ake kira ruwa, shi ƴan ɓangarensa ke karewa har ya kai wurin sha, ɗaya ɓangaren kuma na neman kada shi. Malam, ka duba abin da ke ciki: ƙarfin cinya, daidaita jiki, numfashi, dabarar wa zai tare wa zai ɓalle, da yarda ka faɗi don wani ya kai. Duk abin da aka koya mana a makarantar horon malamai cewa darasin motsa jiki ya kamata ya ba yaro, ga shi nan. Kayan aikinsa rairayi ne kawai, kuma duk wanda ya san bakin tabkin Madarunfa da gulbin Maraɗi ya san ba mu da talaucin rairayi. Ajin da ke da yara tamanin da ƙwallo ɗaya fasasshiya, me zai hana shi langa?

Za a ce ana jin ciwo. Gaskiya ne, ana gurɗewa, wani lokaci har karaya. Amma a ina ake jin ciwon? A bayan gari da dare, kan ƙasa mai tauri da tsakuwa, ɗan shekara goma sha biyar na bangazar ɗan shekara tara, ba alƙali ba babba. Hanin da muka yi a lakwal bai kashe wasan ba, ya tura shi inda idonmu ba ya kaiwa. Ƙwallon ƙafa ma tana karya yara, ban taɓa jin daraktan da ya hana ta ba. Ita ta zo da littafin doka da faransanci, shi ya sa muke ganin girmanta.

Wai kuma wasan ƙauye ne. Kokowa ma wasan ƙauye ce ta bayan girbi, har aka tsara mata gasar ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yau in ana kokowar takobi, kasuwa kanta sai ta yi sanyi, kowa na manne da rediyo. A Najeriya, nan ƙetaren Ɗan Isa, an rubuta wa langa doka, ana yin ta a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokowa, jihohi na cin lambobi da ita.

Ba sai mun jira takarda daga Yamai ba. Malamai huɗu ko biyar na makarantun da ke kusa su zauna da dattawan da suka yi wasan, su rubuta shafi ɗaya da Hausa: girman fili, yawan ƴan wasa, rabon yara bisa shekaru da girman jiki, hana gula da kai da turi ta baya, a canza ƙafa bayan kowane zagaye, malami ya riƙe usur. Ƴan mata su yi nasu rukunin, don ba wanda ya ce ƙafarsu ba ta tsalle. Kwamitin iyaye ya kawo amalanken rairayi biyu a zuba a kusurwar harabar. A gwada a sa'ar motsa jiki cikin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, kafin zafi ya sauko, sannan a gayyaci makarantar ƙauyen gaba ranar da ba karatu.