Bindigar farko a hannun yaro

A Amurka ana ƙera ƙananan bindigogi daidai kafaɗar yara, irin su Crickett mai cin harsashi ɗaya. A 2013, a jihar Kentucky, ɗan shekara 5 ya harbe ƙanwarsa ƴar shekara 2 da irin wannan bindiga, wadda aka ba shi kyauta.

A Karofane ta ƙasar Buza, ɗan maharbi da ɗanko yake farawa, yana korar tsuntsaye daga gonar gero. Daga nan sai kwari da baka, a gaban mahaifinsa. Bindiga kuwa sai ya mallaki hankalinsa, kuma dokar farauta ta 1998 ta ce sai da takardar izini.

Uban da ke son magaji ya auna hankalin ɗansa kafin kafaɗarsa, domin harsashi in ya fita ba ya dawowa.