Fizibil ba ya ƙonewa a banza

Jama'ar Damagaram, yau maganarmu a kan gidajen wasan yara ce. Daga Birni zuwa Zango har Garin Malam, da wuya ka rasa rumfar da aka jera tele biyu ko uku da PlayStation, yara suna biyan 'yan daloli su buga ƙwallo. Wasu na ganin shirme ne, amma ga matashin da ya kafa rumfar, nan ne abincinsa. Ranar da inji ya yi pan, ranar ba ciniki.

Abin da muke yawan ji daga bakinsu iri ɗaya ne. Inji ya mutu, an kai wa mai gyara, ya canza fizibil ko kondansater, an biya. Bayan sati biyu abin nan dai ya sake ƙonewa, a sake komawa, a sake biya. Har a kai ga cewa ai hannu aka sa wa rumfar.

Mu a ganinmu wannan ba gyara ba ne. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Fizibil mai gadi ne: an yi shi don ya tsinke idan wuta ta wuce ƙima, ya ceci sauran kayan da ke kan faranti. In ya tsinke sau biyu, to akwai abin da ke jan wuta fiye da ƙa'ida a bayansa, ko diyod ko taranzisto da ya lalace. Wanda ya gaji ya ɗaure wurin da zaren waya, ya kori mai gadi ke nan. Gaba farantin ne zai ƙone, in ba a yi sa'a ba har da rumfar.

Kondansater kuwa zafi ne ajalinsa. A jikinsa ana rubuta 85 ko 105, wato iyakar zafin da zai iya ɗauka, kuma masu sana'ar sun san duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. To ku duba Afrilu da Mayu a garin nan, zafi ya haura digiri 40, rumfa ta kwano, inji yana aiki tun safe har dare, ƙurar hunturu ta toshe fankarsa tun watannin baya. Yaya ba zai kumbura ba?

Sai maganar kuran. Injinan nan 220 suke so, wasu tsofaffin da suka fito daga Amurka ma 110 ne. Layin da ke kawo wa Maradi da Zinder wuta daga Katsina yake tasowa, kuma ba mu manta ba, a watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke shi, sai a Maris na 2024 aka maido. Tun lokacin da yawa suka saba da ƙaramin gurup, wanda wutarsa ke hawa tana sauka yadda ta ga dama. Ita ma wutar gari, lokacin dawowarta bayan ɗaukewa ne ta fi yin ɓarna.

Don haka kiranmu biyu ne. Masu gyara, don Allah ku auna kafin ku sa dalma. Ku tambayi mai inji: ina yake ajiye shi, da wace wuta yake aiki, sau nawa wannan abu ya ƙone? In kayan da kuka samo a kasuwar Dole bai kai ƙarfin na asali ba, ku faɗa masa gaskiya. Araha ba ta ado. Kuɗin da ake samu a kan mai dawowa kullum ba ya albarka, kuma sunanku ne yake zubewa.

Ku kuma masu rumfa, ku daina cewa "malam, a dai tada shi yanzu-yanzu". Ku ba mai gyara lokaci ya bincika. Kuɗin gyara uku ko huɗu da kun tara, da kun kama hanyar sayen regilater mai daidaita wuta. Ku ɗaga inji daga ƙasa, ku bar masa iska, ku kakkaɓe ƙura duk sati. In an ɗauke wuta ku zare waya, sai ta dawo ta zauna sannan ku mayar.

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya taɓa fama da irin wannan pan, ya gaya mana a ƙasa yadda aka gano bakin zaren, wani ma ya ƙaru. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.