MOTA DA MAI ITA: Man Ƙarƙashin Mota Bayan Damina

Damina ta yi sallama a Lafiya da kewayenta, ƙura ta fara tashi a hanyar Doma da ta Obi, doya kuma ta cika kasuwar Agyaragu. Wannan shi ne lokacin da motoci masu jan ƙafa huɗu ba su hutawa, suna shiga ƙauyukan Awe da Keana da Rukubi da Asakiyo suna kwaso riɗi da shinkafa da agushi. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, Lafiya ta zama hedkwatarta, an shimfiɗa kwalta a wurare da dama, har babbar hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafiya da Makurɗi ta zama tagwaye. Amma dai gona ba a bakin kwalta take ba. Duk wanda ya yi jigila daga watan Afrilu zuwa Oktoba a ƙasar nan ta kwarin Binuwai, babu shakka motarsa ta ƙetare rafi, ta kwana cikin taɓo, ta sha ruwa har cibiya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami wani kawuna, manomi kuma ɗan kasuwar riɗi, wanda yake da a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Mutum ne mai kula da mota ƙwarai da gaske, ba ya bari baƙin man inji ya wuce lokacinsa ko da kwana ɗaya. Ran nan muna dawowa daga wajen Doma da lodi, sai na ji wani kuka yana tasowa daga bayan motar, idan ya taka totur ya ƙaru, idan ya saki ya lafa. Na ce, "Kawu, ba ka jin wannan ƙarar?" Ya ce, "Taya ce, ɗana, ta kwana biyu." Bayan mako uku motar ta tsaya cik a daji da buhuna a bayanta. Da bakanike ya kwance notin ƙasan aksul na baya, abin da ya zubo bai yi kama da mai ba ko kaɗan, sai ka ce kunun gyaɗa. Bakaniken, wani dattijo da ya koyi aiki tun zamanin Land Rover, ya dubi kawu ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da canja wannan?" Kawu ya ce, "Ashe ana canja shi?"

To, ana canja shi. Kuma ina kyautata zaton masu irin tambayar kawu suna da yawa, domin man inji yana da sandar awo da ake zarowa kowace safiya, yana da fitila a gaban direba, amma man ƙarƙashin mota ba shi da mai yi masa magana sai ya riga ya yi ɓarna.

Wurare uku muke nufi, ban da giyabos. Akwai difaransha ta baya, watau wannan ƙullutun ƙarfe mai kama da tukunya da ke tsakiyar aksul. Aikinta shi ne ta karɓi juyin da farfela ta kawo daga giyabos, ta karkatar da shi zuwa tayoyi biyu, ta kuma bar tayar waje ta fi ta ciki gudu idan mota ta sha kwana, tun da tafiyar da ke gabanta ta fi tsawo. Mota mai jan ƙafa huɗu tana da irin wannan tukunya a gaba ma. Na uku shi ne akwatin rabon ƙarfi, wanda kanikawa ke ce wa tiransfa. Yana manne a bayan giyabos, shi ne yake raba ƙarfin inji tsakanin farfelar gaba da ta baya, kuma a cikinsa ne ƙaramar giyar nan take, wadda direba ke sawa idan mota ta kafe. Kowane ɗaya da nasa man, ba sa haɗuwa da juna, ba sa haɗuwa da na inji.

Yaya ruwa yake shiga, alhali kuwa tukunyar a rufe take? A saman kowane aksul akwai wani ɗan ƙaramin hanci mai hula, wanda aka yi domin iska ta riƙa fita idan ƙarfe ya yi zafi. Mota ta yi tafiyar sa'a guda da lodi, tukunya ta ɗauki zafi, sai direba ya afka rafi mai sanyi. Nan take iskar da ke ciki ta tsuke, tukunya ta zuƙo abin da ke waje, abin da ke waje kuwa ruwa ne. Ko ta hancin, ko ta robar da ke hana mai yoyo a bakin aksul idan ta tsufa. Ruwan ya gauraye da mai, haƙora su yi ta kaɗa su har su zama fari-fari. Daga nan man ya daina riƙe ƙarfe, boris ya fara tsatsa, haƙora su fara cin juna. Wanda ya ratsa ambaliya irin ta 2012 ko ta 2022, lokacin da Binuwai ya cika ya malale garuruwan bakin kogi, ya san yadda ruwa ke kai wa ƙofar mota, balle aksul da ke ƙasa.

Aikin canjawar ba shi da wuya, mai mota yana iya yinsa a ƙofar gida cikin sa'a ɗaya zuwa biyu. Inda wuyar take shi ne wajen zaɓen mai, kuma a nan ne nake so in daɗe kaɗan.

Haƙoran difaransha ba haɗuwa kawai suke yi ba, goga juna suke yi da matsi mai tsanani, saboda haka suke bukatar man giya mai lamba GL-5, wanda aka zuba wa sinadarin farar wuta. Shi ne dalilin wannan wari nasa mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai. Warin ba alamar lalacewa ba ce. Kaurinsa kuwa, tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna shan lamba 90 ko 80W-90 ko 85W-90, sababbi kuma da yawansu an rubuta musu 75W-85. Akwai wata al'ada da ta zauna a garejinmu, ta ɗura lamba 140 a kowace irin mota, wai mai kauri ya fi ƙarko a ƙasar zafi. A ganina wannan al'ada daga manyan motoci aka gado ta, kuma a can ya kamata a bar ta, sai fa idan littafin motar ne ya ambace ta. Sau da yawa ma ana zuba shi ne don a rufe bakin aksul mai kuka kafin a kai mota kasuwa. Har ila yau, wasu motocin difaranshar bayansu iri ce mai riƙe tayoyi biyu kada ɗaya ta yi ta juyawa a banza cikin taɓo. Irin wannan akan liƙa mata takarda mai haruffa LSD kusa da notin zuba mai, kuma tana da nata man na musamman. Idan aka ba ta na kullum, sai a ji tana kakkarwa a kwana.

Akwatin rabon ƙarfi ya fi rikitarwa, domin kamfanoni sun saɓa. Hilux da aka yi daga 2005 zuwa 2015 tana shan man giya 75W-90, kusan lita 1. Wasu motocin Nissan da Jeep kuwa jan man nan na giya mai sarrafa kanta, mai haruffa ATF, shi ake zuba wa nasu. Wanda ya zuba mai kauri inda ake son mai ruwa-ruwa, ko ya yi akasin haka, ya jawo wa kansa asara da hannunsa. Saboda haka a duba littafin mota. Galibin motocinmu na hannu ne, sun zo ba littafi, amma yanzu ana samunsa a intanet idan an san sunan mota da shekarar ƙirarta. Kuma a sayi mai a cikin galan ko kwalba mai hatimin da ba a ɓalle ba. Man da ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi, mai sayar da shi ma ba zai rantse a kan abin da ke ciki ba.

Ga irin Hilux ɗin da na ambata, tukunyar gaba tana cin wajen lita 1 da rabi, ta baya lita 2 da rabi zuwa 3 da ɗoriya, gwargwadon ƙirarta. Kayan aiki su ne soket mai lamba 24, da alanki mai lamba 10 saboda notunan gaba, da burushin waya, da tsumma, da tsohon kwano mai faɗi, da sababbin washa, da ɗan famfon hannu na ɗura mai. Wanda bai sami famfo ba, tiyo mai tsabta da mazurari sun wadatar: ɗaya ya riƙe mazurari a sama ta gefen mota yana zubawa, ɗaya yana ƙasa yana riƙe da bakin tiyo. Sai dai a yi haƙuri, man giya ba ya sauri.

A fara da zagaya gari na minti goma don man ya yi ɗumi ya saki jiki. Sannan a tsayar da mota a wuri mai daidai, ba gangare ba, domin a karkace awon mai ƙarya yake yi. A ja birkin hannu, a sa giya, a kashe inji, a tokare tayoyi gaba da baya da dutse ko gungume. Irin waɗannan motoci suna da tsayi, mutum yana shiga ƙarƙashinsu ba tare da an ɗaga ba, kuma haka ya fi. Idan ya zama dole a ɗaga, kada mahaluki ya sa ko da kafaɗarsa a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kowace tukunya tana da noti biyu, na zubawa a gefe wajen tsakiya, na tsiyayewa a ƙasa. A goge taɓon da ke kewaye da su tas. Sannan, jama'a, a kwance na sama tukuna. Dattijon nan ya ce mini ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an zo an ɗauke shi a babur zuwa gidan wanda ya tsiyaye mai ƙaf, ya koma kan notin zubawa ya tarar ya cije da tsatsa, ko kansa ya cinye, ga mota ba mai, ba halin tuƙa ta zuwa gareji. Idan na sama ya ƙi, ba a yi asarar komai ba, sai a mai da kaya a tafi wurin masu aikin.

Idan ya buɗe, a sa ɗan yatsa a ji inda tsohon man ya tsaya, sannan a kwance na ƙasa a bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo. A nan ne mai mota zai karanta lafiyar motarsa. Mai launin zuma ko wanda ya yi duhu, wannan tsufa ne kawai. Fari-fari ko mai kumfa, ruwa ne; irin wannan sai a zuba sabo, a yi tafiyar kwana kaɗan, a sake zubar da shi a zuba wani, domin wanki ɗaya ba ya fitar da ruwan duka. A kan notin ƙasa na difaransha akwai maganaɗisu. Idan abin da ya kama laushi ne kamar kwalli, ba komai, a goge. Idan kuwa ɓarɓashi ne da yatsa ke ji, ko gutsuren haƙori, to sabon mai ba zai warkar da wannan ba, aikin bakanike ne, kuma gara a je yau da a je da igiyar ja.

A mai da notin ƙasa da sabuwar washa, a ɗura mai ta ramin sama har ya fara dawowa ta bakinsa. Wannan shi ne awon, ba wani. A jira rarar ta gama zuba, a ɗaure. Wajen ɗaurewa a yi hattara da akwatin rabon ƙarfi, domin jikinsa alminiyam ne, ba ya son ƙarfin tuwo. Wanda ya sa dogon bututu a hannun soket ya taka da ƙafa, zaren ramin zai tafi, ko jikin ya tsage. Ga mai sifanar awon ɗauri, Toyota ta sa 37 ga wannan akwati, 49 ga aksul na baya, a ma'aunin Nm.

Kafin a fito daga ƙarƙashi, a laluba hancin nan na saman aksul, a juya hularsa a ga tana motsi. Idan taɓo ya toshe shi, iska ba ta da mafita, sai ta tura mai ta bakin aksul ya jiƙa birkin baya, direba ya taka a gangaren Akwanga ya ji mota ba ta amsa yadda ya saba ba. Masu yawan ƙetare ruwa sukan cire hular su sa doguwar tiyo, su ɗaure bakinta a can sama inda ruwa ba ya kaiwa. Dabara ce mai araha, na kuma ga amfaninta.

Tsohon man kuwa, don Allah kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, a Lafiya gidaje da yawa rijiya suke sha. Kada kuma a shafa wa dabba a gyambo kamar yadda wasu ke yi. A juye a galan a rufe, a kai wa masu gareji.

Littattafan motoci da dama suna sa kilomita 40,000 tsakanin canji da canji ga motar da ke aikin wahala. Ni dai ga mai shiga ƙauyukan Doma da Awe, shawarata ita ce ya manta da lissafin kilomita, ya riƙe ƙarshen damina, ya kuma leƙa man duk ranar da ruwa ya rufe masa aksul. Wanda motarsa ba ta barin kwalta ma yana da nasa aikin: littafin Toyota na wasu motocinta ya ce a sa jan ƙafa huɗu a yi tafiyar kamar kilomita 16 kowane wata don mai ya zagaya kayan gaba. A yi wannan a hanyar ƙasa, ba a kan busasshiyar kwalta ba.

Kawu dai ya sayi difaransha ta hannu, ya biya wata motar ta kwaso masa riɗinsa, motarsa ta yi kwana tara a gareji ana tsakiyar kaka. Da aka buɗe tukunyar gaba da akwatin rabon ƙarfi, su ma an tarar da ruwa, amma haƙoransu ba su riga sun taɓu ba. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba giris ɗin farfela, wanda shi ma ruwan damina yake wankewa.