Mu auna jini tun kafin a zagaya da kwano

Juma'a uku da suka wuce, bayan an idar da salla a masallacinmu na Nima, ladan ya ɗauki lasifika ya ce jama'a su taimaka wa wani bawan Allah da ƙodarsa ta daina aiki. Aka zagaya da kwano. Masu sidi biyar suka jefa, masu ashirin suka jefa. Na san mutumin. Uban ɗalibata ne a makarantar da nake koyarwa a Kokomlemle, direban trotro, bai cika shekara 45 ba. Wata shida ke nan yana zuwa wankin ƙoda, motar kuma tana hannun wani.

Mu mutanen zango, ba a fin mu taimako idan abu ya ɓaci. Ciwo ya kwantar da mutum, mun zo. An yi rasuwa, mun cika layi da benci. Abin da ke damuna shi ne kullum sai a ƙarshe muke zuwa, kuma ciwon ƙoda ba ciwon da ake tarar sa a ƙarshe ba ne.

Duk wanda ke Ankara a 2023 ya tuna abin da ya faru a asibitin Korle-Bu. A watan Mayu aka daina karɓar masu zuwa wanki daga gida saboda bashin da ya taru a kan sashen, ba a buɗe musu ba sai Nuwamba. Ana cikin haka, a watan Satumba, aka ga takarda a manne cewa kuɗin zama ɗaya ya tashi daga sidi 380 zuwa 765.42. Ƙasa ta ɗauka, aka janye ƙarin. To, ku yi lissafi da ni, tunda aikina ne a gaban allo. Likitoci suna son mai ciwo ya hau inji sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu. Ko a tsohon farashi, zama 12 a wata sidi 4,560 ke nan. Wane direba, wace mai koko da ƙosai ke da wannan? Shi ya sa da yawa suke zuwa sau biyu, wasu sau ɗaya, su jira sai numfashi ya fara gagara.

An samu sauƙi daga baya, ba zan ɓoye ba. A watan Yuni 2024 hukumar inshorar lafiya ta fara ɗaukar nauyin yara 'yan ƙasa da 18 da tsofaffi masu sama da 60, a watan Disamba kuma aka ce wanki ya zama kyauta ga masu kati a asibitocin da aka amince da su. Madalla. Amma da na je gaishe da uban ɗalibata, matarsa ta jawo leda ta zazzage mini rasit: allurar ƙarin jini, gwaje-gwaje, aikin da aka yi masa a hannu don haɗa jijiya, kuɗin tasi tun da asuba domin ba ya iya tsayuwa jiran mota bayan an sauke shi daga inji. Ta ce, "Malam, wankin ba mu biya, amma gidan ya ƙare." Ruwan sha ma auna masa ake yi da kofi. Ayaba, ruwan kwakwa, miyar kontomire, duk an ce ya yi hankali. Mutumin da ke cinye tuwon zafi kwano biyu!

Inji ba ya warkar da ƙoda. Yana yi mata aikinta ne kawai, ya tace datti da ruwan da ya taru, bayan kwana biyu a sake komawa. Mafita sai dashe, shi kuma sai an samu ɗan'uwa mai bayarwa da kuɗi mai yawa, ga magani har ƙarshen rayuwa.

Da na tambayi yadda abin ya fara, sai ta ce shekara bakwai da suka wuce an taɓa ce masa yana da hawan jini. Ya sha magani wata biyu, ya ji garau, ya ajiye. Baya na ciwo saboda zaman mota, sai ya biya kemis ya sayi diclofenac, kusan kullum. Jiki ya yi nauyi, sai ya sayi kwalbar tsimi wajen masu talla a Circle, wadda aka ce tana wanke ciki, tana ƙara ƙarfi, tana maganin cuta goma sha. Da ƙafa ta fara kumbura, fitsari na kumfa, 'yan'uwa suka ce jifa ne, aka ɓata wata uku ana nema masa karya sihiri.

Wallahi wannan labarin rabin gidajenmu ne. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, kuma suna yin ɓarnarsu shiru. Likitoci sun kasa ciwon mataki biyar, mutum na iya wuce uku bai ji komai ba. Amma gwajin fitsari yana nuna furotin da ke zuba tun da wuri, gwajin jini na kiriyatinin kuma yana nuna ƙarfin da ya rage wa ƙodar. Idan an kama shi a nan, da maganin hawan jini irin lisinopril ko losartan, da rage gishiri da magi, da daidaita suga, ana iya jan shekaru ba a ga inji ba. Katin inshora kuwa yana ɗaukar maganin hawan jini da na suga. Ban ce duk maganin gargajiya guba ba ne, kakata ta raine ni da shi. Amma kwalbar da ba ta da lambar hukumar abinci da magani, ba a san abin da ke ciki ba, ba a san adadi ba, ƙoda ce ke biyan kuɗinta.

Ga roƙona ga kwamitocin masallatanmu na Nima, Maamobi da New Town. Kuɗin kwano ɗaya irin na ranar nan ya isa a sayi na'urar awon jini. Muna da 'ya'ya nas-nas a cikin zango, a roƙe su awa ɗaya bayan Juma'a, sau ɗaya a wata. Wanda aka ga nasa ya hau, a rubuta masa takarda ya tafi asibitin Maamobi, wani kuma ya bi sawu ya ji ko ya je. Mata ba su cika zuwa Juma'a ba, to a kai musu wurin suna, wurin aure, wurin taron susu. Masu suga kuma limamai su riƙa tuna musu su ga likita kafin azumi ya kama.

Wani dattijo ya ce mini, "Yaro, masallaci ba asibiti ba ne." Na ce, "Baba, gaskiya ne, amma ai a nan muke tara kuɗin asibitin." Ya yi dariya, ya naɗe hannun riga ya ce a fara da shi.

Ni ma na miƙa nawa a ranar, da na'urar da wata nas maƙwabciyarmu ta aro. Ina ganin kaina yaro, shekara talatin da 'yan kai, ina buga ƙwallo ranar Asabar. Ta auna sau biyu, ta dube ni ta ce 150 bisa 95. Ta ce in rage shito da naman suya, in dawo bayan mako ɗaya a sake. Na dawo, bai sauka ba. Ranar Talata zan nemi izini wajen hedimasta in je a duba fitsarin.