Tabarmar Malam da Takardar Rimi

Mu da muka yi wayo a Gwarzo da Kabo a zamanin jam'iyyar PRP ba za mu manta da 1979 ba. Bayan la'asar mukan kewaye rediyo ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa, batir ya yi sanyi, ana ta murɗa eriya, don dai a ji muryar Gwamna Abubakar Rimi. Da ya soke haraji da jangali, na tuna wata Bafulatana a kasuwar Getso da ta ƙara mana ludayin nono kyauta, tana ta shi masa albarka.

Rimi Allah ya ba shi baki. In ya hau duro, Hausa a bakinsa kamar ruwan ƙwarya, Turanci kuwa ba a magana. Shi ya sa aka kira shi Limamin Canji.

Abin da muka manta shi ne yadda ubangidansa yake magana. Dattawanmu da suka je gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja sukan dawo da labari iri ɗaya: farar riga, jar hula, zama a ƙasa tare da kowa. Manomi ya zo da kukansa, Malam zai bar shi ya kai aya, sannan ya amsa da misalin gona ko na jaki, har mutum ya yi dariya ya tafi da maganar a ransa.

Yau fa? Kunna rediyo da daddare ka ji sojojin baka, kowa yana yi wa ubangidansa ihu, ba mai jiran ɗan'uwansa ya haɗiye yawu.

Mu koma kan Rimi. A watan Yulin 1981 gwamnatinsa ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma. Ko me ke cikinta, lafazinta ne ya fi yi wa mutane zafi. Ranar 10 ga watan gari ya kama da wuta, aka ƙona gidan rediyon jiha, aka kashe mai ba gwamna shawara, Dakta Bala Muhammad. Dama jam'iyyar PRP ta riga ta dare gida biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo. A unguwarmu har gaisuwa ta yi wuya tsakanin wa da ƙane.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Rimi ya sake tsayawa takarar gwamna, amma a jam'iyyar NPP. Da aka ƙirga ƙuri'u, wanda ya kayar da shi shi ne Sabo Bakin Zuwo, mutumin da 'yan boko suke yi wa Turancinsa dariya.