Kura da Shan Bugu: Yaren Mapane Ya Shiga Talla



Duk wanda ya shiga tasi a Libreville kwanakin nan, daga kasuwar Mont-Bouët zuwa Nzeng-Ayong, kunnensa zai sha kiɗan Ntcham ko yana so ko ba ya so. Direba ya ƙure rediyo, 'yan makaranta a baya suna bi da baki, kowa ya duƙufa kan waya yana kallon masu rawa a TikTok. Abin da ke fita daga bakin mawaƙan nan ba Faransancin aji ba ne. Toli bangando ne, yaren da samarin mapane suka ƙera da kansu, suka cakuɗa Faransanci da Fang da Punu da Myene da ɗan Turanci, don su yi zancensu a gaban ɗan sanda ko a gaban uba ba a gane inda suka dosa ba.

Mapane kuwa ba sai an kwatanta wa mazaunin garin nan ba. Kinguélé, Akébé, lungunan da ake tsallaka kwata a kan katako, ruwan sama ya sauko ya bi mutum har ƙarƙashin gado. Can aka haifi yaren. A da, yaro ya kuskura ya furta shi a aji, malami ya nuna masa ƙofa. Ya furta a gida, uwa ta dafe ƙirji ta ce ɗanta ya zama ndoss, ya shiga daba. Lokacin da mawaƙan rap irin su Movaizhaleine suka tashi a shekarun 1990 suna waƙa da harshen unguwa, manyan gari yatsine fuska suka yi.

To yau wa ya fi kowa son yaren? Masu talla. Masu talla, jama'a! Ka bi titin bakin teku ka ɗaga kai, ga allo ya kai girman ɗaki, ana sayar maka da katin waya ko lemon kwalba da kalmar da aka kori yaro daga aji saboda ita. Lokacin zaɓe ya zo, ɗan siyasar da bai taɓa taka katakon kwata ba ya haddace kalma biyu, ya hau mumbari ya jefa, a yi ta shewa. Shi kuwa yaron da ya ƙirƙiro kalmar, in ya je neman aiki a ofishin mai tallan nan ya yi magana da ita, ko kujera ba za a ba shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce halin Gabon ne kaɗai. Kalmomin da 'ya'yanmu ke yayi a intanet wajen koɗa mawaƙansu da 'yan wasansu, su ɗauka daga wayar suka tsiro, da yawansu daga bakin baƙaƙen fatar Amurka suka fito. Wasu ma daga wani lungu na musamman: ɗakunan gasar ado da rawa na Harlem a birnin New York, inda 'yan luwaɗi da masu shigar mata, baƙaƙe da 'yan asalin Latin, suke taruwa a shekarun 1980, da yawansu iyaye sun kore su daga gida. Fim ɗin Paris Is Burning na 1990 ya nuna rayuwarsu. A shekarar ce kuma Madonna ta ɗauki salon rawarsu ta yi waƙar Vogue, duniya ta ɗauka. Wannan "slay" da ke cikin "slay queen", sunan da ake jifan 'yan matan Instagram da shi daga Legas har Kano, su ne suka yayata shi a matsayin kirarin wanda adonsa ya kashe kasuwar kowa. Mai faɗin kalmar bai sani ba, mai wa'azi a kai ma bai sani ba.

Ban zo nan don in wanke kowa ko in yanke wa kowa hukunci ba, wannan yana da malamansa. Zancen asali nake yi. Mu ma a gida mun san yadda abin yake. Habaicin 'yan daudu, da tafa hannu, da karya murya, da baƙar magana mai ratsa ƙashi, finafinan barkwanci na Kano sun ci kasuwa da su shekara da shekaru, yanzu kuma masu TikTok sun gaje su suna tara mabiya. A yi dariya, a kwaikwaya, a karɓi kuɗin talla. Mai abin kuwa yana bakin tasha yana suyar kaji, ana wucewa ana tofar da yawu. A Abidjan ma haka: Nouchi yaren 'yan tasha ne, yau kalmarsa "s'enjailler" tana cikin ƙamus ɗin Faransanci na Paris. Ko an aika wa 'yan tashar Adjamé da tukuici? Masu talla dai sun ci, masu talla sun sha.

Amma bari in faɗi abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mu Hausawan ƙasar nan, waɗanda kakanninsu suka zauna Oyem da Bitam tun zamanin fatauci, da waɗanda suka zo daga Maraɗi da Kano jiya-jiya suka kafa teburi a Mont-Bouët, ina Hausar 'ya'yanmu? Yaro ya iya toli bangando kamar a Kinguélé aka yanke masa cibiya, ya iya sarar Amurka ta waya, ya san duk kongossa, wato gulmar da ke yawo a Facebook. Kakarsa ta bugo daga gida ta ce, "Jikalle, ka tashi lafiya?" sai ya miƙa wa uwarsa wayar. Uban yana gefe yana murmushi, wai yaro ya waye. Alhaji, wace irin wayewa? Kai da kanka kake yi masa Faransanci a kan tabarmar cin tuwo, sannan ka zo masallaci kana kukan yara sun lalace da yaren 'yan daba. Su 'yan mapane ba su yar da nasu ba, ƙara masa suke yi kullum, shi ya sa masu kuɗi ke bin su a guje.

Ku masu talla, tunda kun ga yaren yana sayar da kaya, ku ɗauki masu shi aiki, ku biya mawaƙan unguwa haƙƙinsu a rubuce, ku daina ba su kuɗin tasi ku sallame su. Malaman makaranta, ku koya wa yaro Faransancin jarrabawa ba tare da kun kira shi ɗan iska ba. Iyaye Hausawa kuma, daren yau in an zauna cin abinci, a ajiye waya, a yi wa yaran nan Hausa.